Ƙoƙon Neman Silbi

Ba shekarar da aka canza kuɗi mutane suka yi ta layi a bakin banki ba ce. Ba kuma daminar da cuta ta shiga citta ta ruɓe mana a ƙasa tun daga Kachia har Zonkwa ba. Ta bayanta ce, wadda muka koma shuka masara a gonakin citta don ba mu da iri. A tsakiyar wannan daminar, ana noma na biyu, ni Saratu matar marigayi Bitrus na hau jirgin sama. Ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Ɗana ne ya kai ni, Ishaya, autan maza. Ya je Faransa karatu, ya samu aiki, ya samu wata Baturiya sunanta Silbi, suka zauna ɗaki ɗaya ba wanda ya nemi wani. Ranar da ya kira ya ce tana da ciki, Ayuba ƙanen mijina, wanda shi ne babban gida yanzu, ya zo ya zauna a kan turmina.

Ya ce, "Matarmu, kin san yadda abin yake. Ɗan da aka haifa ba a sha giyar uwarsa ba, na dangin uwa ne. Ba zan yanka masa akuya ba, ba zan nuna masa gonar kakansa ba."

A wajenmu haka ne. Dangin namiji su kai tukunyar burkutu gidan yarinya, a zuba a ƙoƙo, a miƙa wa wanda ke da ikon ba da ita. In ya sha ya haɗiye, ya bayar. In ya ture ko ya zubar, sai ku tashi ku kama hanya. Aikin maza ne, amma Ayuba an hana shi biza, ni aka ba.

Ya ce, "To ke ce namijin. Kada ki dawo mini da ƙoƙo a bushe."

Na cusa ƙoƙon a tsakiyar zannuwana.

Da na isa, Ishaya ya ce dangin Silbi ba a birni suke ba, suna wani yanki da ake kira Alzas, a warwatse cikin ƙauyuka, kuma zai ɗauki hutu ya kai ni da mota in ga ƙasa. Na ce ba ganin ƙasa ya kawo ni ba. Ya ce, "Na sani, Mama," yana kallon wani waje.

Silbi yarinya ce mai hankali, doguwa, cikinta ya fito. Ita ke gyara mini ɗamarar kujera, ita ke tuna mini maganin gwiwa. Amma bayan "sannu Mama" ba ta da wata Hausa, ni kuma ba ni da ko ɗaya daga nata. Suna gaba, ina baya. Sai su yi magana mai tsawo har da dariya, in ce, "Me ta ce?" Ishaya ya ce, "Ta ce garin yana da kyau." Na yi ta tambaya har na gaji na daina. Ni da a zumuntar mata ba a rufe taro sai na yi magana, na zama kaya a bayan mota.

Ƙasar kuwa, ban ga irinta ba. Tuddai kamar na Kagoro, amma an taje su kamar kan amarya, layi bayan layi, inabi ne ɗaure a waya tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya. Na yi ta neman mutum a cikin gonakin in ce masa sannu da aiki. Babu. Gona mai kyau haka, ba bukka, ba hayaƙi, ba macen da ta kawo abinci.

Ƙauyukan ban iya riƙe sunayensu ba, sai na ba su nawa. Na farko na kira shi Garin Shamuwa, don a kan rufin coci akwai sheƙa kamar kwandon citta, da shamuwa a tsaye a ciki, fara, ta fi tamu girma. Ishaya ya ce in sanyi ya zo wajenmu suke tafiya. Na ce to ita ta fi ni wayo. Gidajen tsofaffi ne ƙwarai, ya ce tun kafin Turawa su san hanyar zuwa ƙasarmu aka gina su. Itatuwa a gicciye cikin bango, an shafa wa wani gida ja wani shuɗi, furanni a kowace taga, hanyar kuma duwatsu ne aka jera, suna cin gwiwa. Amma ba akuya, ba ƙarar tabarya, ba tsoho a ƙofar gida. An share garin kamar za a yi biki, masu bikin ba su zo ba, sai baƙi masu ɗaukar hoto.

A nan baban Silbi yake, sunansa Andire. Manomin inabi ne, shi ke matsa giyarsa ya sayar. Da ya miƙo hannu na ji kantar noma a tafinsa, sai raina ya kwanta, na ce wannan zai gane magana.

Na ja Ishaya gefe. Burkutu ba ya jure tafiya, don haka na ce ya sayi kwalba ɗaya a shagon mutumin, kuma ya biya, don ba a neman aure da giyar kyauta.

Ya ce, "Mama, a nan ba a yin haka. Silbi ta haura talatin, ita ke ba da kanta."

Na ce, "Ba da kanta? Daga rami ta fito? Ba wanda ya yi mata wanka?"

Ya sayo.

Andire ya sauka da mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda yake ajiya, wuri mai sanyi, da ganguna na katako kowace kamar rumbu. Na kwance ƙoƙon, na zuba, na rusuna iya yadda gwiwa ta yarda, na riƙe da hannu biyu. Na ce mun zo daga gidan Bitrus, mun ga 'yarsa Silbi, muna roƙo ya ba ɗanmu Ishaya. Na faɗi sunan uban Bitrus da na kakansa. Ishaya ya juya maganar, sai na ji ta yi gajarta, amma na ce wataƙila yarensu haka yake.

Mutumin ya yi murna. Ya karɓi ƙoƙon yana jujjuya shi yana yabawa. Ya sa hanci ya shaƙa. Ya kurɓa. Ya yi ta wasa da ita a baki kamar mai kurkure haƙori. Sannan ya juya ya tofar a wani bokiti da ke gefensa, ya goge baki, yana murmushi.

Na karɓi ƙoƙona, na naɗe shi da jiƙarsa a bakin zane, na hau matakala ni kaɗai. Motar a kulle take, sai na zauna a bakin wata tsohuwar rijiya a tsakiyar gari. Wasu baƙi suka zo wucewa, mace ɗaya ta ga ɗankwalina, ta ɗaga waya ta ɗauke ni hoto, ta juya ta ɗauki rijiyar, ta wuce.

Ishaya ya zo yana haki. "Mama, ba raini ba ne! Aikinsu ke nan. Mai giya ɗanɗanawa yake ya tofar, in ba haka ba kullum a buge zai yini."

Na ce, "Me ka gaya masa?"

Na sake tambaya.

"Ishaya ɗan Bitrus, me ka gaya wa mutumin nan?"

"Na ce kina so ya ɗanɗana giyarsa a ƙoƙon gida."

Na dube shi. Na ce, "Aron bakinka na yi, ka cuce ni da shi. Na kira sunan kakanninka a cikin rami, ka mai da su wasan ɗanɗano."

Silbi ta iso ta ga fuskata. Ban san me ta tambaye shi ba, amma na san muryar macen da ta kama namiji. Ta koma wajen uban da kanta. Can sai ga Andire ya fito, ya cire hula, fuskarsa ta ƙara ja. Ya ce in yi haƙuri, in sake zubawa zai shanye har ƙasa. Amma ya ce gaskiya ita ce ya bar gida Silbi tana ƙarama, bai goya ta ba, bai kai ta makaranta ba, bai san ko yana da ikon ba da ita ba. Na ce mutumin da ya faɗi haka da bakinsa mai gaskiya ne, kuma ba shi zai sha ba. Ya ba ni kwandon 'ya'yan itace. Muka tafi.

Daga nan ban ƙara yi wa Ishaya magana ba sai ta dole. Mun bi ƙauye bayan ƙauye, kowanne da ƙofar gari ta dutse da hasumiya da cocin da ba kowa a ciki. Na shiga ɗaya in yi addu'a, na tarar ana sayar da kati a bakin ƙofa. Abinci kuwa kabeji mai tsami da naman alade, ko burodi da cuku mai wari. Ina tauna ina tunanin tuwon acca da miyar karkashi, ina tunanin ko wa ke cire mini ciyawa a masara.

Wata rana da hantsi muka tsaya a gefen hanya Silbi ta miƙe ƙafa. Sai na ji murya daga cikin layin inabi, wani yana waya, da Fulatanci. Ni da na sha kai ƙarar makiyaya wajen mai unguwa a kan rogona, ban san lokacin da na tsallake kwata na shiga gonar mutane ba. Baƙin mutum ne mai furfura, da almakashi a hannu.

Na ce, "Jam na?" Iyakar abin da na koya ke nan wajen masu nono a kasuwar Zonkwa.

Ya sauke wayar a hankali. Ya ce, "Jam tan, inna."

Ba ɗan ƙasarmu ba ne, ba ya jin Hausa, daga can yamma yake. Muka tsaya muna ta maimaita gaisuwar, ya faɗa in faɗa, muna dariya kamar marasa hankali. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɓarin goro da ya bushe, ya ba ni. Ba na cin goro. Na ci.

Maman Silbi tana wani gari da na kira Garin Tukwane, don shagonta na kwanukan ƙasa ne masu zane, kuma tana zaune da wani mijin. Wannan karon Silbi ta tsaya a kan Ishaya tana kallon bakinsa, don haka komai ya juya. Ko kwalbar ban buɗe ba matar ta ɗaga hannu.

Ishaya ya ce, "Ta ce 'yarta ba saniya ba ce da za a ba da ita."

Na ce, "Gaya mata a wajenmu in za a sayi saniya ba a zuwa gaishe da uwarta. Mutum ake yi wa haka."

Ya gaya mata. Ta gyara wani kwano da ba ya buƙatar gyara. Ta kawo mana shayi da waina mai zaƙi, ta zauna kusa da ni, amma ta ce ba za ta sha ba, ba ta yarda da abin ba. Da za mu fita ta ce, in dai wanda ya yi wahalar Silbi nake nema, ba ita ba ce, uwarta ce, Odet. Ita ta riƙe yarinyar tun tana rarrafe.

A mota Ishaya ya ce, "Mama, kakar tana gidan tsofaffi. Ta tsufa ƙwarai. Mu bar ta ta huta."

Na ce, "Tana haɗiye ruwa?"

"Tana haɗiyewa."

"To juya motar."

Garin na ƙarshe yana kan tudu, da ganuwa kewaye da shi, gidan tsofaffin kuma yana jingine da ganuwar ta ciki. Tsaf yake, yana warin magani. Tsofaffi a jere a kujeru suna fuskantar talabijin, ba mai kallo. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, wani tsoho ya riƙe mini hannu ya ƙi saki sai da nas ta zo.

Odet ƙarama ce kamar yarinya, a keken guragu, gashinta fari fat, amma idonta kamar na shaho. Silbi ta roƙi nas, aka yarda da giya kaɗan. Na zuba, na rusuna, na faɗi maganata daga farko har kakan Bitrus. Ishaya ya juya. Tsohuwar ta ce a sake. Na sake.

Sai ta fara tambaya. Me uban yaron yake nomawa? Me ya kashe shi? A gidanmu ana dukan mata? Na ce akwai wanda ya gwada a kaina sau ɗaya, ya yi sati yana cin abinci a gidan ƙanwarsa. Ta yi dariya har da tari. Ta dubi Ishaya sama da ƙasa ta ce ya cika rama, anya zai iya ɗaukar yaro? Sannan ta ɗora tafin hannunta a bakin ƙoƙon, ta faɗi kalma ɗaya.

Ishaya ya ce, "Wai gobe."

Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce yau na haɗu da mutum. Gidan mutunci ba ya ba da 'ya a tambayar farko.

Washegari muka koma. Ta kori yaran waje da hannu, ta nuna mini kujera. Muka zauna, ba mai juya mana magana. Ta nuna mini yatsunta da suka karkace, ta yi alamar almakashi, ta nuna gonakin da ke bayan taga. Na nuna mata tabon lauje a hannuna. Na ga ƙafafunta sun bushe sun tsage, na fito da man kaɗanya daga jakata na shafa mata, tana lumshe ido. Ta yi wata waƙa da ƙaramar murya, na yi mata ta zumunta. Da yaran suka dawo na zuba giya, ta rufe ƙoƙon. Gobe.

Haka muka yi ta yi. Ishaya ya fara ƙunƙuni, hutunsa yana ƙarewa, ranar jirgina tana matsowa.

Ya ce, "Mama, mantawa take. Kullum tana zaton ranar farko ce."

Na ce, "Kai ne mai mantuwa."

Ba ta manta komai ba. Ni na ga inda kekenta yake kowace safiya, a bakin ƙofa, an taje mata kai, ta sa jan baki. Na ga sauran tsofaffin suna kallonta, ita mai baƙi. Ta san ranar da ta sha, ranar za a daina zuwa. Kuma ni ma, in faɗi gaskiya, tun da na sauka a ƙasar nan ban samu inda na zauna na ji ni mutum ba ce sai a ɗakin nan.

Amma ranar ta zo. Na sa Ishaya ya tsaya a tsakaninmu, na ce ya juya kowace kalma, in ya rage ɗaya Ubangiji yana ji. Na zuba. Na ce, "Uwata, gobe zan tafi. In ba ki sha ba, abin da ke cikin Silbi naku ne, a gidanmu ba shi da suna ba shi da gona. Ni kuma in koma da kunya."

Ta daɗe tana kallon ƙoƙon. Sannan ta yi magana, Ishaya ya juya da ƙyar.

"Ta ce in ta sha, za ki sake zuwa?"

Da na ce i, da an gama. Na ce, "A'a. Ba zan sake zuwa ba. Gwiwata da taki tafiyarsu ɗaya."

Silbi ta fara kuka a hankali. Tsohuwar ta kai hannu za ta rufe ƙoƙon.

Na ce, "Tsaya. A wajenmu wanda ya sha bai yi asara ba. Yaron da aka ba shi aure, duk damina sai ya je ya yi wa surukansa noma, har su mutu. Ba alheri yake yi ba, dole ne."

Ta ce ita ba ta da gona yanzu, an sayar.

Na ce, "To sai ya zo ya zauna a kujerar nan. Noman ke nan."

Ishaya ya tsaya. Ya ce, "Mama, daga inda muke zuwa nan tafiyar yini ce."

"Ubanka da ƙafa yake zuwa Manchok gonar iyayena da garma a kafaɗa. Juya mata maganar."

Ya juya. Na san ya juya daidai, don na ga tsohuwar ta ɗago ta kafa masa ido, ta tambaye shi wani abu gajere. Ya sunkuyar da kai ya amsa, Silbi ta kama hannunsa.

Odet ta ɗauki ƙoƙon da hannu biyu, na tallafa mata gindinsa. Ta sha a hankali, tana tsayawa tana numfashi, ina kallon maƙogwaronta yana hawa yana sauka, har ta shanye. Ta kife shi a cinyarta. Ta yamutsa fuska ta ce wani abu, Silbi ta fashe da dariya cikin hawaye.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce giyar Andire ce, ta gane ta. Wai tun yana surukinta bai iya ba."

Na sumbaci goshinta, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Da muka kai ƙofa ban waiwaya ba.

Ayuba ya yanka akuya da aka haifi yaron, namiji ne, aka sa masa suna Bitrus. Ayuban yana nan, kunnensa ne ya tafi, sai an yi masa ihu. Andire yana nan, yana aiko gaisuwa. Maman Silbi ma tana nan, an ce ita ke saya wa yaron takalma. Bafulatanin ban san inda yake ba, Allah ya kai shi gida. Odet ta riƙe jaririn a cinyarta kafin ta rasu, da sanyin shekarar da ta biyo. Silbi ta ce Ishaya bai fasa zuwa ba har ƙarshe, wani lokaci ma shi kaɗai yake tuƙa motar ya je ya zauna mata yini guda.

Ni ma ina nan. Ni a waya Ishaya yake kirana, ranar Lahadi bayan sujada.